Kamfanin dillancin da ya sayar mini da gidana a lokacin da kasuwa ta daidaita

Idan aka tambaye ni ko zan sake damƙa wa kamfanin nan gida ya sayar mini, zan ce ƙwarai, amma sai mun zauna mun gyara abu biyu a yarjejeniya tukuna. Sauyin wurin aiki ne ya sa na sa gidana a kasuwa: ɗaki uku da falo, ginin ya ɗan kwana biyu amma garau yake, sai yoyo a kusurwar kicin da fentin da ya koɗe.

Abin da ya fara burge ni da dillalin da suka haɗa ni da shi, bai fara da yabon gidan ba. Lissafi ya ɗauko. Ya ce masu wannan sana'a suna raba yawan gidajen da ke jiran mai saye da yawan waɗanda ake sayarwa a wata guda. A ce gida 300 ne a kasuwa, ana sayar da 60 duk wata, to kayan wata 5 ke nan a ƙasa. In lissafin ya faɗi tsakanin wata 4 zuwa 6, galibi akan ce kasuwa ta daidaita. Ƙasa da haka mai gida ke da baki, sama da haka kuwa mai saye ke juya ciniki yadda ya so. Namu yankin a tsakiya ya faɗo. Ya ce, "Malam, a irin wannan kasuwa ba wanda zai yi rububin gidanka, kuma ba wanda zai raina shi. Farashin da ka sa ranar farko shi ne rabin cinikin."

A nan ne na san la'adarsa ta halatta. Ya kawo mini gidaje makamantan nawa da aka sayar a kusa cikin watanni 6 da suka wuce, kuma kuɗin da aka sallama a kai ya nuna mini, ba wanda masu su suka nema tun farko ba. Tazarar da ke tsakanin biyun ita ce mutane da yawa ba sa gani, domin a talla kuɗin nema kawai ake rubutawa. Ya kuma nuna mini wasu gidaje biyu da aka tsawwala wa kuɗi, suka yi kwantai, aka yi ta rage musu kaɗan-kaɗan har masu saye suka fara zargin akwai wani aibu a ɓoye. Wani dillalin da na fara tuntuɓa kafin wannan ya faɗa mini farashi mai daɗin ji, wanda ya ɗara wannan nesa ba kusa ba, amma da na nemi hujja sai ya shiga kame-kame. Na fi son wanda ya gaya mini abin da kasuwa za ta iya ɗauka.

Kan gyara ma ya tsare mini aljihu. Ya ce a toshe yoyon, a yi fenti mai haske, a gyara famfon da ke ɗiga, a kwashe tarkace daga ɗakuna don a ga faɗinsu. Sauya tayil da sabunta kicin baki ɗaya ya hana, ya ce da wuya kuɗin ya dawo. Mai hoton da suka turo ya zo da hantsi, ya buɗe tagogi, hotunan suka fito yadda gidan yake, ba ƙari.

Tayi biyu muka samu, kuma yadda ya warware mini su ya sa na ƙara yarda da shi. Na farko ya fi tsoka, sai dai mai shi rancen banki yake jira, kuma sai ya sayar da nasa gidan kafin ya biya. Dillalin ya bayyana mini cewa banki sai ya turo mai ƙiyasta darajar gida, in ƙiyasin ya gaza kuɗin da aka yi ciniki, ko mai saye ya cike giɓin daga aljihunsa ko a dawo teburin ciniki. Na biyu ya ɗan yi ƙasa, amma kuɗinsa a hannu suke, ya yarda da ranar tashin da ta dace da ni, ya kuma ajiye kafin alƙalami. Shi muka bi. Da mai sayen ya kawo wanda ya duba ginin, aka gano wasu wayoyin lantarki sun tsufa, ya nemi ragi mai yawa. Dillalin bai tsorata ba, bai kuma yi taurin kai ba. Ya sa mai gyara ya faɗi ainihin kuɗin aikin, aka cire daidai wannan, aka sallama.

Inda suka gaza, sadarwa ce. Mutane za su zo su ga gida su tafi, ni kuwa shiru, sai na kira da kaina in ji me suka ce. Mai gidan da ke jiran tayi zuciyarsa a rataye take, saƙo ɗaya bayan kowace ziyara ya isa ya kwantar da ita. Sau da yawa kuma sanarwar zuwan masu dubawa a ƙurarren lokaci take iso mini, iyali suna tsakiyar harkokinsu.

Wuri na biyu da suka gaza shi ne takardar yarjejeniya. Ta ba kamfanin damar sayarwa shi kaɗai na tsawon lokaci, har da sharaɗin cewa ko ni na samo mai saye da kaina sai na biya la'ada cikakkiya. Kuɗin hoto da talla kuma daban aka rubuta su can ƙasa da ƙananan haruffa. Da na yi magana sun rage wa'adin ba tare da ja-in-ja ba, wanda ya nuna mini tun farko akwai sararin sassauci, ba su dai faɗa ba. Wanda zai je wurinsu ya nemi a rubuta masa wa'adin a gajarce, da yadda zai janye in bai gamsu ba, da ranar da za a riƙa kawo masa rahoto kowane mako.