Gidan abincin Samaru da ke sa mutum cin zogale ba tare da wa'azi ba

Akwai wani gidan abinci a Samaru, ba nisa da babbar ƙofar jami'a, da ya canza tsarin zuba abincinsa, kuma abin ya burge ni ta wani ɓangaren ya kuma ba ni haushi ta wani. Abincin dai shi ne wanda muka sani, tuwon shinkafa, miyar kuka, taushe, dafa-duka, garau-garau, da faten tsaki tunda Zazzau muke ba za a bar mu ba fate ba. Yadda aka jera su ne ya canza.

Kana ɗaukar faranti abin da za ka fara cin karo da shi kwaɗon zogale ne da rama da dafaffen wake, sai can ƙarshen layi za ka tarar da shinkafa da soyayyen nama, to lokacin rabin farantin ya riga ya cika, farantin kuma dama sun rage masa girma. Ba wanda ya ce maka kar ka ci shinkafa. Yarinyar da ke zubawa cewa kawai take "Yaya a sa zogale ko?" cokalin na hannunta ta riga ta ɗebo, kai kuma ga layi a bayanka, wa zai tsaya musu. Na ga wani ɗalibi da ya shigo yana ta maganar dafa-duka da kaza, ya fita da faranti kore shar yana kallonsa kamar ba nasa ba. Kuma ya cinye tas. Kwaɗon ya ji ƙuli da albasa, ba irin wanda ake tsuga wa mai har ya kwanta ba.

Wannan dabarar ba a Samaru aka ƙirƙiro ta ba. Richard Thaler na jami'ar Shikago, wanda ya ci kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2017, da shi da Cass Sunstein sun buɗe littafinsu na 2008 ne da misalin ɗakin cin abincin 'yan makaranta, cewa inda aka ajiye abinci a layi yana canza abin da yara ke ɗauka ko da ba a hana komai ba, ba a kuma taɓa farashi ba. Mutum mai yunwa ba ya lissafi, abin da ke kusa da hannunsa shi yake ɗauka.

Haka masu gidan abincin suka yi da gishiri. Ba kwanon gishiri da yaji a kan tebur, sai ka tashi ka je kanta ka roƙa, yawancinmu kuwa ƙiwa ba za ta bari ba. Hukumar lafiya ta duniya cewa ta yi kar babba ya kai giram 5 na gishiri a rana, wajen ƙaramin cokalin shayi ɗaya ke nan, mu kuwa Maggi ɗin da ke cikin miya kaɗai ya ci kaso mai yawa. Anan dai na sara musu. Ruwan sha ma yana kan kowane tebur kafin ka zauna.

Inda suka ɓata min rai wajen biyan kuɗi ne. Firji mai gilashi dab da mai karɓar kuɗi, lemon kwalba jere daidai ido yana raɓa, zoɓo da kunun aya kuma an tura su can ƙasa sai ka durƙusa. Wato sun san aikin sarai, inda ganye ya fi nama arha sun tura mu wajen ganye, inda lemo ke kawo riba sun tura mu wajen lemo. Zoɓon ma da na durƙusa na ɗauko sukari ya yi masa yawa wallahi. Gwamnati ta sa harajin naira 10 kan kowace lita ta lemon zaƙi a dokar kuɗi ta 2021, kwalbar rabin lita naira 5 ke nan, wa zai fasa shan lemo a zafin Afrilu saboda naira biyar? A ƙasar Chile tun 2016 baƙin tambari suke mannawa a gaban kwali da ke cewa sukari ko gishiri ya yi yawa, kana gani kafin ka kai hannu, ni a ganina irin wannan zai fi aiki a nan, don a gaban firji mutum ke yanke shawara.

Farashi da sauƙi in ganye da wake ka tsaya, nama ne ke da tsada kamar ko'ina. Wajen na da tsabta, akwai famfon wanke hannu da sabulu, fanka ce dai ba ta isa ba in an cika. Ku je kafin ƙarfe biyu don fate ba ya kai la'asar, kuma ku riƙe tsabar kuɗi saboda POS ɗinsu yana yawan cewa ba sabis.