Teleskop ɗin da na saya a Sabon Gari, ga yadda na same shi

Masu ta tambayata kan teleskop ɗin nan, to ga amsa. Ƙarami ne mai gilashi milimita 70, a wani shago cikin Sabon Gari na ɗauko shi, mai shagon yana ta rantsuwa wai zan ga tauraro ƙato kamar wata. Malam kar ka yarda, tauraro ɗigo ne kuma ɗigo zai zauna saboda nisa, gilashi irin wannan ma in ka wuce ninki 140 sai hoton ya koma dishi-dishi.

Abin da ya biya ni kuɗina shi ne kala. Ka saita shi kan Sirius, wanda ya fi kowane tauraro haske da dare, ka ɗan murɗa fokos ɗin ya kauce kaɗan, za ka ga fari ne tas mai ratsin shuɗi, to zafin samansa ya kusa digiri 10,000 alhali ranarmu wajen 5,500 take, kuma ya ninka ta nauyi sau biyu. Haka lissafin yake ga duk taurarin da ke tsakiyar rayuwarsu suna ƙona haidurojin, mai nauyi ya fi girma ya fi zafi ya fi shuɗi kuma ya fi saurin cinye mansa, ƙananan kuwa jajaye ne masu wajen digiri 3,000. Kamar ƙarfe a maƙera dai, ja ne farko, in wuta ta ci shi sosai ya yi fari. Kaza da 'ya'yanta kam sun yi kyau a ciki ba kaɗan ba, shuɗi-shuɗi, ninkin ba ninkin waɗanda ido ke ƙirgawa.

Ƙanena ya ga wani tauraro mai suna Betelgeuse ja ya ce ai ga ƙaramin, na ce a'a wancan tsoho ne da ya kumbura, ya fita daga wannan lissafi. Jajayen ƙananan su suka fi yawa a sama amma ko ɗaya ido ba ya gani.

Matsalarsa ƙafafun, roba ce marar ƙwari, iska kaɗan ya hau rawa, sai da na rataya masa jarkar ruwa a tsakiya ya natsu. Kuma in hazo ya sauko ajiye shi kawai. Cikin gari sai an ɗauke wuta saboda hasken fitilu, in da hali ka fita wajen dutsen Kufena a bayan garin Zariya. In kala da ramukan wata kake so ka saya, amma ka taya sosai.