IEPE ko MEMS: wanne DAQ ɗinka zai iya ba wuta?

Ɗan'uwa, ka ce kana da USB-6009 na National Instruments, wato DAQ, na'urar da ke ɗaukar siginar sensa ta kai wa kwamfuta, kana so ka auna girgizar boris na injin lantarki. Tambayarka biyu ce: ko bolt 5 da ke jikin na'urar zai ishi akselaromita, wato sensar auna girgiza, da kuma wanda za ka saya tsakanin akselaromita irin IEPE da irin ADXL335. To, kafin ka taɓa aljihu, ka san cewa waɗannan biyun ba iri ɗaya suke cin wuta ba.

ADXL335 na gidan MEMS ne, wato 'yan ƙananan sensoshin da ake ƙerawa a cikin cif, kuma bolt yake so, daga 1.8 zuwa 3.6. Ka ga ke nan bolt 5 ya yi masa yawa, sai ka sa ragileta ta sauke shi zuwa 3.3, in dai ƙaramin allon da ka saya bai zo da ita ba. Wayoyinsa biyar ne: wuta, GND (wayar komawar wuta), sai X, Y da Z, masu fitar da siginar motsi ta fuskoki uku. A kan bolt 3, idan babu motsi yana zama wajen 1.5, kowane g kuma (g ɗaya shi ne daidai ƙarfin jan ƙasa) yana ba da kimanin 300 mV. Gwada shi ba wuya: kwantar da shi a tebur ka karanta Z, ka kife shi ka sake karantawa, bambancin zai kai wajen 600 mV.

IEPE kuwa, wanda kamfanin PCB ke kira ICP, ba ya karɓar bolt kai tsaye. Tsayayyen karant yake buƙata, 2 zuwa 20 mA, yawanci 4, daga tushen da zai iya kai bolt 18 zuwa 30. Kebul ɗaya ne mai bakin BNC ke kai wutar, shi ne kuma ke dawo da siginar. Sensar tana zama a kan bolt 8 zuwa 12, girgizar na hawa da sauka a kan wannan, sai kafasito ta tare bolt ɗin ta bar siginar ta wuce. USB-6009 ba shi da wannan tsarin ko kaɗan. Ko dai ka sa akwatin ba da wuta a tsakani, irin PCB 480C02 mai aiki da batir uku na bolt 9, ko ka koma na'ura irin NI 9234 da ke ba da 2 mA da kanta. Don Allah kada ka jona IEPE da bolt 24 ba tare da abin taƙaita karant ba, nan take za ka ƙona lantarkin cikinsa. Haka nan kada ka kunna wutar IEPE a kafar da ADXL335 ke kai.

Abin da nake so wa IEPE shi ne mitar auna bolt kaɗai ta isa ta gaya maka lafiyarsa. In ka ga bolt kusa da sifili, wayoyi sun haɗe. In ya haura kusa da 24, kebul ya tsinke ko bakin bai zauna ba. Ka kuma ba shi 'yan daƙiƙu bayan kunnawa kafin ka fara ɗauka.

Akwai tarkon da mutane ba sa lura da shi a ɓangaren ADXL335. Kowace kafar fitarsa tana da resisto na 32 kΩ a ciki, shigar USB-6009 kuwa 144 kΩ ce kawai. Ka haɗa su kai tsaye, kusan kashi 18 cikin 100 na siginar ya tafi, sai an sa amfilifaya a tsakani.

Batun aikinka kuma: ADXL335 yana tsayawa a ±3 g, da 1600 Hz (kaɗawa sau 1600 a daƙiƙa) a X da Y, Z kuwa 550 Hz kacal. Ya fi IEPE wajen auna karkata da motsi a hankali, domin IEPE ba ya ganin 0 Hz. Amma boris da ya fara lalacewa yana fara nuna alama ne a dubban Hz, inda ADXL335 ya riga ya kurumce. Ni dai IEPE mai 100 mV a kowane g zan saya, wanda ke kai ±50 g, in haɗa da akwatin wutarsa, in ɗaure shi da ƙusa mai zare a jikin gidan boris ɗin. Maganaɗisu ya fi saurin ɗorawa, amma yana rage manyan Hz ɗin da kake nema.