Zaren yana da laushi, amma jansa ya ɓata mini bargo

Zaren audugar nan ne mai giram 50 a dunƙule, wanda masu saƙa suke ta yabo kwanakin nan. Na ɗauki kala uku, ruwan madara, ruwan toka da ja, da niyyar in yi wa ƙanwata bargon jariri kafin ta sauka.

A hannu kam ba shi da makusa. Ba ya ƙaiƙayi, murɗinsa ya kamu sosai, kwarashi ba ya kutsawa tsakanin silinsa ya yage shi irin yadda zaren auduga mai araha yake yi. Takardar jikinsa ta ce a yi da kwarashi mai milimita 4, ni da 3.5 na yi saboda hannuna ba ya matse saƙa. Wuyan hannu yana ji idan an daɗe a kai, amma wannan halin auduga ne, ba ta miƙewa ta dawo irin ulu, don haka ban ɗora wa zaren ba. Saƙar gida-gida na yi, ja a tsakiyar kowane gida, fari ya kewaye shi, toka a baki. Da na haɗa su na shimfiɗa, ni kaina sai da na tsaya ina kallo. A lokacin da an tambaye ni, tauraro biyar zan ba shi ban ko yi tunani ba.

Sai wanki. A takardar akwai hoton baho da lamba 40 a ciki, wato ya yarda da ruwa mai ɗumi har digiri 40. Ni ko kusa da nan ban je ba. Ruwan sanyi, sabulu marar ƙarfi, da hannu. Ina tsoma shi, kafin in juya sau biyu ruwan ya koma ja wur. Na fizgo shi da sauri, na yi ta ɗauraya har ruwan ya fara fitowa garau, na matse a hankali na shimfiɗa shi kan farin tawul, don saƙar auduga idan aka rataye ta da jiƙa nauyin ruwa yana janta ta ɓace fasali. Da safe na ɗaga, sai ga tawul ɗin da tambarin kowane gida a jere, reras. Farin da ke jikin jan duk ya sha, kuma ba daidai ya sha ba balle a ce ado ne. Wani wuri hoda-hoda, wani wuri kamar an ɗiga jini an goge. Inda ya fi ba ni haushi shi ne bakin ɗinkin haɗin, nan launin ya taru ya bushe ya yi layi.

Kowa da maganin da ya ba ni. Wata ta ce in jiƙa da ruwan khal, wata ta ce gishiri. Khal yana taimaka wa rinin ulu da siliki ne, rinin auduga daban yake, kuma gishiri a wurin rini ake amfani da shi, ba bayan kaya sun riga sun zuba ba. Abin da ya faru a nan, ragowar rinin da bai kama zare ba ne ba a wanke shi ya fita ba kafin a naɗe a sayar. Aikin kamfani ne, ba na mai saye ba. Takardun nan da ake jefawa cikin wanki su tsotse kala sun ɗan taimaka, tokar ta washe, amma farin ya riga ya tafi.

Na tura wa mai sayarwar hotuna. Amsarta: "Anti, ai ja dama haka yake, da kin wanke shi daban." Daban ta yaya, alhali a jikin juna suke a saƙe? Idan an san haka yake, me ya hana a rubuta a takarda, ko a faɗa wa mutum lokacin da aka ga ya haɗa ja da fari a oda ɗaya? Sai ta ce za ta rage mini a saye na gaba.

Har na so in ce to, farin da tokar ba su yi mini laifi ba, a bar su da tauraro uku. Sai na tuna farin ma da nasa. Ya ƙare mini saura gidaje kaɗan, na sake aikawa, na rubuta lambar kala da lambar rini duka, don wanda ya daɗe a saƙa ya san idan lambar rini ta bambanta, kala ɗaya tana iya zuwa da fuska biyu. Aka turo mini lambar kala daidai, ta rini daban, ba ko bayani. A ɗaki ba a ganewa, a hasken rana kuwa gefe ɗaya ya fi rawaya. Ga ƙulli a tsakiyar dunƙule, wani ma an ƙulla shi sakaka, ina ja ya warware. Kowane ƙulli sai ka yanke ka sake haɗawa, ka ƙara wa kanka bakin zaren da za ka ɓoye da allura.

Ragowar na kai wa shukokina. Zaren auduga yana da daɗin ɗaure furen da ke hawa sanda, ba ya yanka kara, kuma idan ya tsufa ruɓewa yake yi. Farin da tokar suna aikinsu lafiya. Jan kuwa ban-ruwan farko ya zubo da layi a jikin farar tukunyar da na fi so.

Ƙanwata ta ce, "Yaya, ki kawo shi haka, ni ya yi mini." Ba zan kai ba. Jariri komai baki yake kaiwa, kuma har yanzu idan na danna jiƙaƙƙen farin ƙyalle a kan jan, da ɗan launi yake tashi. Wadda ta riga ta sayi jan, ta yanki ɗan guntu ta jiƙa ta matse shi cikin farin ƙyalle kafin ta sa kwarashi. Tauraro biyu, su ma don laushin ne. Saƙona na biyu, wanda na tambayi batun lambar rini, an karanta shi, har yau ba amsa.