Eriyar Winegard Sensar IV a Rufin Motar Gida

A Amurka, inda mutane ke tafiya da motocin da aka yi wa ɗaki da gado da madafa a ciki, da wuya ka leƙa sansanin irin waɗannan motoci ba ka ga eriya mai fukafukai kamar na jemage a kan rufi ba. Ita ce Sensar, ta kamfanin Winegard da ke Burlington a jihar Ayowa. Samfurin Sensar IV shi ne wanda aka ƙara wa ƙarafunan gaba da ake kira Wingman, domin ƙarfafa kama tashoshin talabijin na zangon UHF, wato masu manyan lambobi, inda galibin tashoshin ƙasar suke tun bayan komawa dijital a 2009. Dogayen fukafukan kuma su ne ke kama zangon VHF, tasha ta 2 zuwa ta 13, wurin da ƙananan eriyoyi masu zagaye ke gazawa. A wajen kama sigina daga nesa, har yanzu tana gaban yawancinsu, domin ana ɗaga ta sama, ana kuma juya ta ta fuskanci turken tashar.

Abin da ya kamata mai saye ya gane tun farko shi ne busta, wato na'urar ƙara ƙarfin sigina, tana cikin kan eriyar, can saman rufi, kuma wutar bolt 12 da take ci tana hawa ne ta cikin wayar eriyar kanta. Wutar na fitowa daga wani faranti da ke jikin bango a cikin motar, mai maɓalli da ƙaramar fitila. Tsarin haɗin ke nan: waya daga eriya zuwa bakin da aka rubuta na eriya a bayan farantin, wayoyi biyu daga batirin motar ta hanyar fis, sai gajeriyar waya daga gaban farantin zuwa talabijin. A yi amfani da wayar eriya samfurin RG6 mai om 75, da kawunan F irin waɗanda ake matsewa da filaya ta musamman. Kawunan da ake murɗawa da hannu suna kwancewa saboda girgizar hanya.

Yawancin masu kukan eriyar ta mutu, wutar nan ce ba ta isa sama. A kunna maɓallin, a hau rufi, a kwance wayar daga kan eriyar, a auna da mita tsakanin tsinken tsakiya da ƙarfen gefe. Idan an ga kusan bolt 12, kan eriyar ne abin zargi. Idan babu komai, a duba fis, sannan a duba wayar a gwiwar da sandunan ɗaga eriyar ke lanƙwashewa, nan take tsagewa bayan shekaru na ɗagawa da saukewa, ruwa ya shiga, tsatsa ta cinye tsinken. Wani kuskuren kuma shi ne saka mai raba sigina tsakanin farantin da eriya: yawancinsu suna tare wutar. Wurinsa tsakanin farantin da talabijin ne, kuma ko can ma kowane mai raba gida biyu yana cin kusan desibel 3.5 na ƙarfin sigina.

Idan an jona wayar tashoshin kebul da sansani ke bayarwa, dole a kashe bustar, in ba haka ba siginonin biyu su cakuɗe, hoto ya lalace. Kuma duk inda aka sauka sabo, sai an sake binciken tashoshi a talabijin, a kan zaɓin eriya.

Wajen ɗaura ta a rufi, a shimfiɗa tef ɗin butil a ƙarƙashin gindin kafin a ɗaure sukurori, sannan a rufe kawunansu da gefen gindin da gam mai bazuwa da kansa irin na Dicor. Silikon ba ya kama rufin roba da kyau, kuma sabon gam ba ya mannewa a kansa, sai yoyo ya biyo baya.

Inda take da rauni shi ne hannun murɗawa da ake ɗaga ta da shi daga cikin motar. Ana juya shi kamar sau 13 kafin ta miƙe, a ja ƙulun juyawa ƙasa da hannu biyu a nemi sigina, sannan kafin a sauke sai an daidaita kibiyoyin biyu da ke silin. Haƙoran ciki na roba ne; wanda ya ci gaba da murɗawa bayan ta kai ƙarshe zai cinye su. Fesa musu man silikon sau biyu a shekara yana tsawaita ransu. Babban haɗarin kuwa mantuwa ne: a tashi mota eriya na tsaye, reshen itace ya share ta, wani lokacin har da fatar rufin. Mai yawan sauya masauki zai fi samun natsuwa da wata eriyar mai suna King Jack, wadda ba a ɗaga ta, ko da yake a tashoshin VHF masu nisa Sensar ce nake zaɓa.

Ga wanda ya shigo da irin wannan mota Najeriya, eriyar za ta yi aiki, amma talabijin ɗin Amurka na tsarin ATSC ne, nan kuwa DVB-T2 ake watsawa, saboda haka sai an haɗa da dikoda tsakanin farantin da talabijin.