Kafin ka sayi kayan ɗinka rigar matashin kai da ƙyallaye masu kusurwa shida

Wannan ɗinki na hannu, wanda ya yi suna a Ingila tun ƙarni na 18, tsarinsa ɗaya ne: ana kalmasa ƙyalle a jikin wani samfuri mai kusurwa shida, a haɗa gefe da gefe da ƙananan ɗinki, sannan a zare samfurin daga baya. Saboda haka kyan aikin duka yana rataye ne a kan samfurin, kuma shi ya kamata mai saye ya fara dubawa kafin launin yadi ya ɗauke masa hankali.

Zaɓina shi ne takarda mai ɗan kauri wadda inji ya riga ya yanka, mai nauyin kusan giram 120 a kowace murabba'in mita. Tana da ƙarfin da zai riƙe kusurwa ta fito da kaifi, tana kuma da laushin da za a iya lanƙwasa ta idan an zo haɗa ƙyalle na uku, domin a kowace mahaɗa guda uku ne ke karo da juna, kuma dole a naɗe wani kafin allura ta kai lungu. Allura tana bi ta bakin yadin ba tare da ta huda takardar ba, don haka ana iya zare ta a goge ta a sake amfani da ita sau da yawa. Wadda ke da ɗan rami a tsakiya ta fi, domin da tsinke ake ɗago ta.

Samfurin roba ba ya lanƙwasuwa yadda ake so, yana kuma gajiyar da yatsu. Wanda ake barin sa a ciki ya narke a wanki kuwa, tsadarsa ba ta dace da aikin matashin kai ɗaya ba. Yanka kwali da almakashi a gida ba ya cin kuɗi, amma hannu ba ya maimaita awo ɗaya sau 100.

A wajen awo ne na taɓa yin asara. Ana auna irin wannan samfuri ne da tsawon gefe ɗaya: mai inci 1 yana da inci 2 daga tsini zuwa tsini, da kusan santimita 4.4 daga gefe zuwa gefen da ke fuskantarsa. Wasu masu sayarwa kuwa faɗin duka suke rubutawa a jikin leda, sai ka biya kuɗin mai inci 1 ka tarar da rabinsa, wanda zai sa yawan ƙyallayen da kake buƙata ya ninka har sau 4. Rigar matashi mai santimita 40 tana cin kusan guda 120 na mai inci 1, sai ka lissafa wahalar da kanka. Mafi muni shi ne ƙunshin da aka cakuɗa yanka biyu masu ɗan bambancin awo a ciki. Na ɗinka furanni shida, kowane da ƙyallaye 7, ɗaya a tsakiya shida kewaye da shi, kafin na gane dalilin da ya sa tsakiyarsu ke tasowa kamar ƙoƙo. Bambancin milimita 1 ba ya ganuwa a ƙyalle ɗaya, amma a jere na 10 ya zama santimita guda. Ka ɗebo guda 20 ka jera su bisa juna, ka shafa gefensu da yatsa. Idan ka ji tudu, ka mayar.

Haka algus yake a yadi. Auduga zalla mai matsattsen saƙa ce ke karɓar kalmasa ta kwanta, amma ƙunshin guntaye da yawa da aka rubuta wa auduga gauraye suke da roba. Ka zare 'yan zaruruwa ka kusanta su da wuta: auduga tana ci da warin takarda ta bar toka mai laushi, roba kuwa narkewa take yi ta dunƙule ta yi tauri. Ja da shuɗi mai duhu ka jiƙa su ka matse a farin tsumma, domin ƙyalle ɗaya mai zuba ya isa ya ɓata sauran a wankin farko. Ka kuma duba ko guntayen sun kai a bar rarar milimita 6 zuwa santimita 1 a kowane gefe.

Zare siriri mai lamba 50 da doguwar allura mai lamba 10 sun wadatar. Gam ɗin riƙe yadi yana da sauri, amma sai ka tabbatar mai fita da ruwa ne, in ba haka ba takardar za ta yage a ciki.