Makonni 12 da na'urar auna sukari a gida: abin da na gani a cikina na uku

Cikina na uku yana mako na 26 lokacin da ungozomar da ke duba mu a wurin awo ta tambaye ni nauyin yaron da na haifa kafin wannan. Da na ce mata ya haura kilo 4, kuma mahaifiyata ta daɗe tana fama da ciwon sukari, sai ta ajiye biro ta rubuta mini takardar gwaji. Gwajin ba irin na huda yatsa ba ne. Na kwana ban ci komai ba, da safe aka ɗebi jinina, aka ba ni ruwan da aka narka giram 75 na gulukos a ciki na shanye, sannan na zauna a kan benci aka sake ɗiba bayan awa ɗaya da kuma bayan awa biyu. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2013 ya ce idan sukarin mai ciki ya kai 5.1 kafin ta ci abinci, ko 10.0 bayan awa ɗaya, ko 8.5 bayan awa biyu, to tana da ciwon sukarin masu juna biyu, kuma lamba ɗaya ma ta isa. Nawa ya haura a wurare biyu.

Likitar ta yi mini bayani a taƙaice cewa mabiyiya tana fitar da wasu sinadarai da ke rage ƙarfin insulin, wato sinadarin da ke sauke sukarin jini a jiki, kuma abin yakan ƙaru yayin da ciki ke tsufa, shi ya sa ake yin gwajin tsakanin mako na 24 da na 28. Sukarin da ya yi wa uwa yawa yana ratsawa zuwa ga jariri, jaririn ya yi girman da zai wahalar da haihuwa, kafaɗarsa ta iya maƙalewa, bayan an haife shi kuma sukarinsa ya iya faɗuwa ƙasa. Daga nan ta ce in sayi na'urar auna sukari ta gida, in riƙa gwadawa sau huɗu a rana, in kuma rubuta duk abin da ta nuna tare da abin da na ci. A kan wannan na'ura nake rubuta sharhin nan, bayan na yi makonni 12 ina amfani da ita kullum.

Maigida ne ya sayo ta a wani babban kantin magani a nan Kano. A cikin kwalin akwai na'urar kanta, wadda ba ta kai tafin hannu ba, da abin huda yatsa mai kama da biro, da 'yan allurai, da tsinkayen gwaji guda goma, da ƙaramar jaka mai zif. Batirinta irin zagayayyen nan ne mai kama da kwabo, kuma har na haihu bai mutu ba, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga mai zaune a unguwar da wuta ke zuwa yadda ta ga dama. Amfani da ita ba shi da wuya ko kaɗan: a zura tsinke ta kunna kanta, a huda yatsa, a ɗora ɗigon jini, cikin 'yan daƙiƙu lamba ta fito da manyan haruffa. Tana ajiye sakamakon baya da ranarsa da lokacinsa, muddin an saita mata agogo tun farko.

Ranar farko kuwa hankalina ya tashi ba gaira ba dalili. Takardar asibiti ta nuna 5.4, amma da na gwada da asuba sai na ga 97, na zauna a bakin gado ina salati, ina tunanin sukarin ya ninka a dare ɗaya. Ashe ma'auni biyu ne ake amfani da su. Ɗakin gwaje-gwajen asibitin yana rubuta sakamako da mmol/L, na'urata kuma tana nunawa da mg/dL, kuma idan aka raba na biyun da 18 sai a sami na farkon, wato 97 ɗin nan ita ce 5.4 ɗin da na riga na sani. Mai kantin bai gaya wa maigida wannan ba, takardar da ke cikin kwalin kuma rubutunta ƙanana ne, da Turanci mai nauyi. Duk wadda za ta saya, ta tambayi ma'aunin da na'urar ke amfani da shi tun a kanti, ta kuma nemi likita ta rubuta mata lambobin da ake so da wannan ma'aunin. Ni an rubuta mini cewa da asuba kafin cin abinci kada ya kai 95, bayan awa ɗaya da fara cin abinci kada ya kai 140, bayan awa biyu kuma kada ya kai 120.

Inda na'urar ta biya kuɗinta shi ne a kan abinci. Kafin in fara gwaji, a tunanina mai ciwon sukari sukari kawai za ta bari, wato ta daina zuba shi a shayi da koko, ta rabu da lemon kwalba. Na yi hakan, amma ranar da na karya da koko marar sukari da ƙosai uku, bayan awa ɗaya na ga 171. Na maimaita washegari don kada in zalunci kokon, lambar ta sake fitowa kusa da haka. Gasarar da aka tace ta yi laushi, aka dama ta, jiki ba ya shan wahala wajen mayar da ita sukari, kuma da safe ne jikin masu ciki da yawa ya fi kasa jure irin wannan abinci. Da na koma ƙwai biyu da alale da shayin da ba sukari, lambar safiya ta sauko ƙasa da 125 ta zauna a nan. Ƙosan ma da na ci shi shi kaɗai, ba tare da koko ba, bai yi mini illa ba.

Tuwo ya fi ba ni mamaki, domin a gidanmu an yi imani cewa tuwon alkama shi ne abincin masu sukari, har mahaifiyata ta aiko mini da garinsa kwano biyu. Malmala biyu na tuwon alkama sun ɗaga sukarina kusan daidai da yadda malmala biyu na tuwon masara suka ɗaga shi. Abin da ya sauya lambar shi ne yawan tuwon da kuma abin da ya raka shi. Malmala ɗaya ƙarama da miyar kuɓewa ko ta kuka mai yawa, da kifi ko nama, da kwaɗon zogale a gefe, ba ta taɓa haura iyaka ba, ko da wane gari aka tuƙa ta. Tuwon shinkafa da waina su ne na haƙura da su gaba ɗaya, saboda ko yaya na rage sai sun haura. Shinkafa da wake kuwa, idan wake ya rinjayi shinkafa, na ci ta lafiya, haka ma acca da aka kawo mini daga Jos idan ban cika kwano ba. Fura ta ɗaga, nono shi kaɗai bai ɗaga ba. Ban ce haka zai kasance ga kowace mace ba, domin wata da muke awo tare tana cin abin da ni ba na iyawa, kuma wannan bambancin ne ya sa takardar jerin abincin da ake rabawa a asibiti ba ta maye gurbin gwaji.

Na'urar ta kuma raba mini gardama da surukata, wadda ta zo ta zauna da mu a watan bakwai. Ganin ƙaramar malmalar da nake ci ya dame ta ƙwarai, ta ce mai ciki cikin mutum biyu take ciyarwa, kuma su a zamaninsu ba su san wannan iyayi ba. Da ta ga ban sha kunu ba, sai ta kawo zuma ta ce a zuba maimakon sukari, tunda ita waraka ce. Ban yi mata musu ba. Na ce, "Hajiya, bari in sha a gabanki, in an jima sai mu duba tare." Bayan awa ɗaya na miƙa mata na'urar ta karanta 183 da idonta, na nuna mata littafin da nake rubutu, inda abincin jiya ya ba da 118. Ta juya na'urar a hannu ta ce, "To, Allah Ya raba lafiya," kuma tun daga ranar ita ce mai tsinke mini zogale. Zuma tana da amfaninta, amma a cikin jini sukari ce.

Abu na gaba da lambobin suka koya mini shi ne amfanin tafiya. Idan na ci abincin dare na zagaya tsakar gida na minti goma sha biyar zuwa ashirin, lambar takan fito ƙasa da ta ranar da na ci irin abincin na kishingiɗa, wani lokacin da tazarar 20 ko fiye. Watan azumi ya faɗo a tsakiyar waɗannan makonni, likita ta ce kada in ɗauka, malamin da maigida ya tambaya kuma ya tabbatar da rangwamen da addini ya yi wa mai ciki da marar lafiya, saboda haka na ci gaba da cin abinci kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a rana.

Aibin na'urar na farko shi ne kuɗin tsinke, kuma wannan ne abin da ba a gaya wa mutum a kanti. Ita kanta sau ɗaya ake sayenta, amma kowane gwaji yana cinye tsinke ɗaya da ba a maimaitawa. Gwangwani mai 50 ba ya kai kwana 13 ga mai gwadawa sau huɗu a rana, kuma a makonni 12 na ƙarar da kusan gwangwani bakwai, kuɗin da ya ninka na na'urar sau da yawa. Tsinken wani kamfani ba ya aiki a na'urar wani, don haka arhar na'ura ba ta da amfani idan tsinkenta yana wuyar samu a garinku. Sau ɗaya maigida ya sayo gwangwani a wani ƙaramin kemis da ke ajiye kaya a kan kanta inda rana ke duka, a tsakiyar zafin Afrilu, kuma lambobin da ya riƙa bayarwa ba su da kan gado, har sai da muka jefar da shi. Galibin tsinkayen nan ba a so zafin wurin ajiyarsu ya wuce digiri 30, alhali zafin Kano a bazara yana haura 40. Na koma ajiye nawa a ƙasan sif a ɗakin da ya fi sanyi, ina rufe murfin da zarar na zaro ɗaya, ina kuma duba ranar lalacewa kafin a biya kuɗi.

Na biyu, lambar ba ta zama daidai cif ba. Na taɓa gwada yatsu biyu a jere na sami 128 da 141, ɗaya ƙasa da iyaka, ɗaya sama da ita. Ƙa'idar ISO 15197 ta 2013, wadda ake auna ingancin waɗannan na'urori da ita, ta yarda sakamako ya kauce da kashi 15 cikin ɗari idan sukari ya kai 100 ko ya wuce, don haka irin wannan tazara ba lalacewa ba ce. Likita ta ce in daina bin lamba ɗaya, in duba yadda take tafiya a kwanaki. Wani kuskuren kuma nawa ne. Ranar da na yanka wa yara mangwaro na gwada ban wanke hannu ba, na ga 212, na wanke da sabulu na tsane sosai na sake, sai ga 116.

Hudar yatsa ta fi zafi a makonnin farko da sauran sanyin hunturu, lokacin da fata ta bushe, jini kuma ba ya fitowa sai an matsa. Wata sista ce ta nuna mini in wanke hannu da ruwan ɗumi, in saki hannun ƙasa na ɗan lokaci, in huda gefen yatsa maimakon tsakiyarsa, in riƙa sauya yatsu, in kuma rage zurfin allurar a jikin biron. Allurar da aka maimaita tana dakushewa ta ƙara zafi, kuma biron ba abin aro ba ne ko da tsakanin 'yan gida ɗaya, saboda cututtukan da ake ɗauka ta jini kamar ciwon hanta.

A mako na 33 lambar asuba ta fara hawa, 98, 101, 99, duk da ban sauya komai a abinci ba. Da ba don littafin ba, da ban san komai ba, domin jikina bai nuna mini wata alama ba. Na kai wa likita, ta duba shafukan mako biyu ta ɗora ni a kan ƙwayar maganin rage sukari mai suna metformin, ta ce idan bai isa ba za a koma allurar insulin. Bai kai ga haka ba. Na'urar ta nuna matsalar, amma ba ita ce ta faɗi abin da za a yi ba, kuma ban taɓa ƙara magani ko rage shi da kaina saboda wata lamba ba. Awon hawan jini da hoton ciki ma na ci gaba da zuwa, tunda sukarin masu ciki yana ƙara haɗarin hawan jinin da ke kai wa ga jijjiga, wanda na'urar ba ta gani.

Na haihu a mako na 39, mace, kilo 3.4, da kaina. An huda mata dunduniya an auna sukarinta a awannin farko, aka ce in ba ta nono da wuri kuma a kai a kai. An dakatar da maganina bayan haihuwa, lambobina suka sauko cikin kwanaki, amma kunun kanwar jego na sha shi rabin kofi ba sukari, Hajiya tana kallo ba ta ce komai ba. Likita ta gargaɗe ni cewa wadda ta yi wannan ciwo da ciki tana cikin haɗarin kamuwa da ciwon sukari na dindindin daga baya, kuma yana iya dawowa a ciki na gaba, don haka ta ba ni ranar sake gwajin ruwan gulukos bayan mako shida, wanda ya zo daidai da gama arba'in. Na je, sakamakon ya fito lafiya, aka ce in riƙa dubawa a asibiti duk shekara. Na cire batirin na'urar na mayar da ita jakarta tare da littafin, sauran tsinkaye goma sha ɗaya kuma na rubuta ranar lalacewarsu da babban rubutu a kan murfin gwangwanin.